Dokin Mai Baki: Ɗanfilinge da Ilimin Barga

Hausawa kan ce dokin mai baki ya fi gudu. Mai cika baki ake yi wa ba'a da wannan karin magana, amma in aka dube ta da idon nazari sai a ga ta bayyana matsayin doki a adabin Hausa baki ɗaya. Dubban dawaki sun yi sukuwa a fagagen Gobir da Katsina da Damagaram, sun mutu, sunansu ya bi su. Waɗanda suka wanzu a bakin jama'a su ne ƴan kaɗan ɗin da suka yi dace da makaɗi. A cikinsu kuwa babu wanda ya kai Ɗanfilinge, dokin da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya yi wa waƙa. Dokin ya daɗe da zama ƙasa, mai shi da makaɗin duk sun riga mu gidan gaskiya, amma waƙar tana nan ana saurarenta a ɓangarori biyu na iyaka, daga Sakkwato har Maraɗi da Tawa.

Babu mai musun gwanintar wannan waƙa. Narambaɗa ya ɗauki kayan aikin waƙar fada, wato kirari da zuga da habaici, waɗanda aka tanada don sarakuna da ƴaƴan sarki, ya ɗora wa dabba, kuma dabbar ta ɗauka ba ta durƙusa ba. Mai sauraro yakan manta da cewa doki ake wasawa. Yabon da aka yi wa dokin kuma yana komawa kan ubangidansa ta hanyar da ta fi yabon kai tsaye armashi, domin a al'adar fada darajar abin hawa ita ce darajar mahayi.

Sai dai sunan da aka san waƙar da shi, Dokin Iska Ɗanfilinge, rabi biyu ne, kuma kowane rabi da inda yake jan hankali. Kalmar iska tana da ma'ana biyu a Hausa: akwai iskar da ke kaɗawa, akwai kuma iskar da ƴan bori ke kira. Kowacce aka ɗauka, an fitar da dokin daga sahun bisashe an kai shi sahun abubuwan al'ajabi. Iska ba ta cin harawa, ba a kai ta rijiya, ba ta da uwa. Rabi na biyu shi ke mayar da dokin ƙasa. Filinge gari ne sananne a ƙasar Kurfai, cikin kwarin Dallol Boso, arewa maso gabas da Yamai. Jingina doki ga gari yana nufin akwai goɗiyar da ta haife shi, da makiyayin da ya zaɓa mata ingarma, da hannun da ya fara sa masa ragama, da dillalin da ya yi cinikinsa. Manazarta waƙoƙin fada sun zuba tawada mai yawa a kan rabin farko, sun ƙididdige salon kambamawa da na mutuntarwa da na kamance. Rabi na biyu har yanzu yana jiran mai kula da shi.

Wannan shiru yana da tushe a tarihi. Tun da daɗewa doki a wannan yanki haja ce mai gangarowa daga arewa zuwa kudu, saboda busasshiyar ƙasar Sahel ta fi karɓarsa, yayin da ƙudan tsando da cutar sammore ke kashe shi in ya nutsa cikin kurmi. Abzinawa sun yi suna da dokin Bagazam na duwatsun Abzin. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. A farkon ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin yadda Sarkin Barno ke sayen doki guda da bayi 15 zuwa 20 daga fataken Arewacin Afirka. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa tsadar doki ba ta tsaya ga kuɗin saye ba: dokin yaƙi a turke yake kwana, sai an yanko masa ciyawa an ɗebo masa ruwa, kuma galibin masu wannan hidima bayi ne. Sarautun Hausa ma sun adana wannan tsari. Madawaki da Ubandawaki suna sama, Shamaki yana riƙe da bargar sarki, zagage suna gaban doki, muri da yaran barga suna can ƙarshe. Waƙar fada kuwa sama take duba, domin daga can kyauta ke saukowa. Ilimin doki ya zauna a hannun mutanen da adabin bai saba ba su baki ba.

Ilimin kuwa ba ƙarami ba ne, kuma harshen da kansa shaida ne. Al'ummar da ta bambanta kili da akawal da danda da bidi da hurde da bikili ta fuskar launi, ta bambanta ingarma da ƙuru da goɗiya da duƙushi, ta ba takama da sassarfa da sukuwa da zamiya sunaye dabam-dabam, al'umma ce da ta daɗe tana kallon doki da idon basira. Da yawa daga cikin abin da tsohon ɗan barga ke yi bisa gado, likitan bisashe na yau zai sa masa hannu. Tumbin doki ƙarami ne in aka gwada da girman jikinsa, kuma doki ba ya amai. Don haka ake ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma gero ko dawa da aka jibga masa lokaci guda na iya jawo ciwon cikin da zai kashe shi a dare ɗaya. Kanwar da ake ba shi tana mayar masa da gishirin da gumi ya kwashe. Hayaƙin da ake turarawa a barga da damina yana korar ƙananan ƙwarin da ke cizo da magariba, waɗanda binciken zamani ya tabbatar su ke yaɗa annobar dawakin Afirka, cutar da kan kashe har tara cikin goma na dawakin da ba su da rigakafi. Dillalin da ya buɗe bakin doki a kasuwa shekaru yake karantawa, domin haƙoran gaba na dindindin ba sa kammala fitowa sai doki ya kai shekara biyar.

Haka kuma akwai lissafin da babu kirarin da ya taɓa ɗauke da shi. Goɗiya takan yi kusan wata 11 da ciki, ta haifi ɗa guda, kuma ba kowace shekara take ɗauka ba. Ana yaye duƙushi wajen wata shida, sa'an nan a yi shekara uku ko huɗu ana ciyar da shi kafin ya isa aikin kirki. Dokin da nauyinsa ya kai kilo 300 yana buƙatar kimanin kilo 6 na busasshen abinci a kullum, wanda ya haura tan biyu a shekara, ban da ruwa lita 25 zuwa 40, ko fiye da haka in bazara ta tsananta. Kofato yana tsiro ba fashi, sai an datse shi kamar kowane wata biyu. Hatsin da doki ke ci daga rumbu ɗaya yake fitowa da na iyalin gida, kuma kuɗin harawa yakan hau daidai lokacin da rumbun ya yi ƙasa. Tun da yake a fada ingarma ake hawa, goɗiyoyi kuwa a ƙauye ake barinsu, nauyin hayayyafa duka yana kan talakan karkara, wanda shi ne ba a gani ranar hawa.

Rashin rubuta wannan ilimi yana da hasara iri biyu. Ta farko, mai kyau yana mutuwa tare da masu shi. Ta biyu, marar kyau ba ya samun mai gyara shi. Linzamin gargajiya mai zobe, wanda ke kama haɓar doki, shi ke ba mahayi ikon yin zamiya a gaban sarki, amma a hannun wanda bai iya ba yana yaga baki har jini ya gauraya da kumfa, kuma ƴan kallo sukan ɗauki wannan a matsayin zafin doki. Ana hawan duƙushi tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba don a gaggauta sayarwa. Ana yi wa ƙafar da hutu kawai take bukata lalas. Abin da aka gada baki da baki ba ya zuwa gaban mahawara, domin kowace barga tana ganin nata ne daidai.

Wasu al'ummomin masu son doki sun bi wata hanya. Larabawa suna da waƙoƙin doki da ba su ƙirguwa, amma a gefensu malaman lugga irin su Abu Ubaida da Asma'i sun wallafa littattafan dawaki, kuma a ƙarni na 14 Abubakar ɗan Badar, likitan bargar Sarkin Masar Nasiru Muhammadu, ya rubuta cikakken littafi kan horo da magani. A 1851 hafsan Faransa Daumas ya buga littafinsa kan dawakin Sahara, wanda daga baya aka ƙara masa bayanan Amir Abdulƙadir na Aljeriya. A Faransa gwamnati ta kafa gidajen hayayyafar dawaki tun 1665, kuma makarantar likitancin bisashe ta farko a duniya, wadda aka buɗe a Liyon a 1762, malamin hawan doki ne, Bourgelat, ya kafa ta. Malaman ajami na ƙasar Hausa sun waƙe fiƙihu da taurari da hisabi, amma babu wani littafin doki nasu da ya yi suna irin na waɗancan. Abin lura kuma, a ƙasar Filingen kanta, a Tukunus, akwai tashar da aka kafa a 1954 don inganta shanun Azawak, inda ake rubuta asalin saniya da yawan nononta. Saniya ta sami littafin nasaba a yankin da ya ba shahararren dokin waƙar Hausa suna, shi kuwa dokin kirari kawai ya samu.

Wani ɗan Nijar ya hango wannan giɓi ta wata kafa. A fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa kuma ya rasu a 2015, ya nuna saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Akan karanta fim ɗin a matsayin ba'a ga masu kwaikwayon baƙin al'adu, kuma haka ne. Amma yana nuna wani abu kuma: a hannun samarin nan doki wani yanki ne na sutura, kamar malafa da bindiga. Wannan hali bai tsaya ga masu kwaikwayon kaboyi ba. Mai hayar doki don hawan salla ko kilisar angwanci, wanda ya san kuɗin jalala da na likkafa amma bai san abin da dokin ya ci da safe ba, ɗan'uwansu ne, ko da rawani ya naɗa.

Yau babur da mota sun karɓe wa doki aikin tafiya, yaƙi kuwa ya bar shi tun zuwan Turawa. Abin da ya rage masa shi ne hawan salla da bukukuwa da filin sukuwa, da ɗan abin da ba a rasa ba a karkara. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma fadojin Damagaram da Katsinan Maraɗi da Tsibiri suna da hakkin jin cewa girmamawar ta shafe su. Amma shekaru kaɗan kafin nan, daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, murar dawaki ta ratsa Nijar da maƙwabtanta, ta kashe dubban jakuna, ta kwantar da dawaki, ta kuma nuna yadda bargar gargajiya da likitan gwamnati ke nesa da juna. Al'adar da aka yi wa rajista ta dogara ne ga dabba mai rai, wadda in aka yi sakaci da goɗiyoyinta shekara goma, babu takardar da za ta dawo da ita.

Narambaɗa ba shi da laifi a nan. Makaɗin fada ne, ya yi aikinsa, ya kuma yi shi yadda ba a sake yi ba. Bashin yana wuyan masu alƙalami: manazarcin adabi da ya tsaya ga salo, da mai tattara kalmomi da bai shiga barga ba, da ɗalibin likitancin bisashe da zai dawo daga Dakar da sunan kowace cuta a Faransanci ba tare da ya san yadda muri ke kiranta ba. Tsofaffin ƴan barga da dillalai da masu goɗiyoyi suna nan da sauransu a Filinge da Dogon Dutsi da Tasawa da Damagaram. Zama da su da rakoda, da jera abin da suka sani kusa da abin da likita ya sani, da buga shi da Hausa yadda yaron barga zai iya karantawa, aiki ne da bai fi ƙarfin jami'o'in Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram ba. Hausawa sun tanadi magana ga wanda ya bar abu ya bi alamarsa: ana ga doki, kana ga ƙura. Nazarin waƙar Ɗanfilinge ya daɗe yana bin ƙurar da dokin ya tayar, kuma masu iya ba da labarin dokin kansa suna raguwa kowace shekara.