Jinsi a Bakin 'Yan Daudu: Tsokaci a kan Littafin Gaudio

Littafin Rudolf Gaudio, Allah Made Us (2009), ya nazarci rayuwar 'yan daudu a Kano. Ƙarfinsa yana fannin harshe, domin ya nuna yadda suke kiran juna da wakilin suna na mata, "ke" da "ta", wato jinsin nahawu ya zama hanyar bayyana kai. Rauninsa kuwa, muryar 'yan maɗigo ba ta fito sosai ba. Cike wannan giɓi ya ƙara wuya tun 2014, da dokar Nijeriya ta haramta ƙungiyoyinsu. Ko gwagwarmayar 'yan mata ta ArewaMeToo a 2019 ta fi karkata ne ga cin zarafi. Don haka wajibi ne mai nazarin maganar waɗannan mata ya sakaya sunayensu.