Sharhi kan Tambayoyin Yiwuwa da Gwajin Hasashe a Darasin Ƙididdiga

1.0 Gabatarwa

A garin Sheda da ke Ƙaramar Hukumar Kwali, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, akwai maƙwabta biyu: Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, da kuma Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, wadda aka kafa a 1988 ta hanyar haɗe hukumomi huɗu, ciki har da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa. Duk da wannan maƙwabtaka, aikin lissafi da aikin harshe ba su haɗu a matakin da muke magana a kai ba. An samar da kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara a shekarun 1980. A 1990 kuma aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, amma ya taƙaita ne ga harshe da adabi da dabarun koyarwa. Malamin ƙididdiga na babbar sakandare ko na kwalejin ilimi shi kaɗai aka bari da allonsa.

Ko da yake a watan Nuwamba 2025 Gwamnatin Tarayya ta janye manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, kowa ya san idan bayani ya cije a aji, malami a Arewa yakan juya shi zuwa Hausa. Haka abin yake har a Kwali, inda ɗalibai da dama Gbagyi ne ko Ganagana ko Bassa, amma Hausa ke haɗa su a kasuwa. Wannan sharhi zai dubi irin tambayoyin aikin gida da ake bayarwa a kan rabuwar yiwuwa da gwajin hasashe, da abin da ke samun su idan aka mayar da su Hausa.

2.0 Misalan da Ake Amfani da Su

Mafi yawan tambayoyin da muka ci karo da su a littattafan karatu sun dogara ne a kan abubuwa uku: jefa kwabo, da jefa ƙwayar ludo, da zaren kati. Ba abin mamaki ba ne, domin ilimin yiwuwa ya taso ne daga wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654 a kan rikicin rabon kuɗin caca. Sai dai ɗalibin yau bai taɓa sayen komai da kwabo ba, tun da tsabar da aka sake fitarwa a 2007 ba ta karɓu a kasuwa ba. Kati kuwa, a gidaje da yawa ana ɗaukarsa ƙanin caca ne. Tambayar da ta ɗauka cewa yaro ya san kati 52 ne, kuma 13 ne a kowane gida, tana gwada tarbiyyar gidansu kafin ta gwada lissafinsa.

Maganin da aka saba kawowa shi ne a cire ludo a sa abin gida. A nan ne muke da babbar suka, domin sau da yawa ana canza rigar tambaya a bar gangar jikinta. Alal misali, a ƙasar da ta haifi Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, malami zai so ya ce: maginiya ta gasa tukwane 10, yiwuwar kowace ta tsage ita ce 0.2, mece ce yiwuwar kada ko ɗaya ta tsage? Ɗalibi zai ninka 0.8 sau 10 ya samu kimanin 0.107, a ba shi cikakken maki. To amma wannan ninki yana da sharaɗi, wato makomar kowace tukunya ba ta rataya a kan ta 'yar'uwarta ba. Duk yarinyar da ta taɓa tsayawa wurin gashin tukwane ta san ba haka ba ne. Yumɓu ɗaya ne, wuta ɗaya ce, iska ɗaya ke kaɗa ta. Ranar da wuta ta yi gardama ko tukwanen ba su gama bushewa ba, da yawa ke tsagewa tare. Ranar da komai ya yi daidai, sai a kwashe su lafiya. Ke nan amsar da littafi ya karɓa ta saɓa wa abin da ɗalibar ta gani da idonta.

Ba muna cewa a jefar da misalin ba ne. A ganinmu ya fi ludo amfani nesa ba kusa ba, muddin aka ƙara masa tambaya ta biyu: shin sharaɗin ya cika a nan, kuma idan bai cika ba, ta wace fuska amsar za ta karkace? Ƙwayar ludo ba ta taɓa tilasta wa ɗalibi wannan tunani, domin an ƙera ta ne don ta cika sharaɗin.

3.0 Kalmomin Gwajin Hasashe

Matsalar kalma ta fi ta misali haɗari. Bari mu ɗauki tambaya guda. Mai sayar da irin masara ya yi da'awar cewa 9 cikin kowane 10 suna tsirowa. Manomi ya shuka ƙwaya 20, sai 16 suka fito. Idan da'awar gaskiya ce, yiwuwar a samu 16 ko ƙasa da haka kimanin 0.133 ce, wadda ta haura iyakar 0.05 da aka saba amfani da ita. Daga nan sai littattafai da dama su rufe da cewa "an karɓi hasashen", malami kuma ya fassara wa aji cewa an tabbatar mai iri ya faɗi gaskiya.

Haƙiƙa ba a tabbatar da komai ba. Da a ce ainihin ƙarfin irin 8 cikin 10 ne, ai 16 ɗin ne daidai abin da za a sa ran gani, kuma a kimanin sau 63 cikin 100 gwaji irin wannan ba zai kama mai irin ba. Bugu da ƙari, da 15 ne suka tsiro, yiwuwar za ta sauko zuwa kimanin 0.043, a yanke hukunci akasin na farko. Ƙwayar masara ɗaya tak, wadda kaza ma tana iya tonewa, ita ce tsakanin hukuncin biyu. Ba mu cika ganin tambayar da ke sa ɗalibi ya lura da wannan ba.

Hausa tana da hanyar gyara da ta fi kalmar "karɓa", kuma daga zauren alƙali take. Ɗalibi ya san mai ƙara ne ke kawo shaida, ya kuma san idan alƙali ya kori ƙara saboda shaida ba ta isa ba, bai ce wanda ake ƙara waliyyi ne ba. Saboda haka muna ba da shawarar a riƙa cewa "hujja ba ta isa a rushe da'awar ba". Jimlar ta fi tsawo, amma ba ta ƙarya.

Haka nan kalmar Ingilishi da ake siffanta sakamakon da ya gaza 0.05 da ita, wadda a maganar yau da kullum take nufin "muhimmi". Malamai sukan fassara ta haka nan kai tsaye, ɗalibi ya tashi da fahimtar cewa bambancin babba ne. Abin nufi kawai shi ne zai yi wuya a ga irin wannan sakamako da a ce da'awar gaskiya ce. Ita kanta iyakar 0.05 ba dokar halitta ba ce. Ronald Fisher ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1925, lokacin da yake aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, a matsayin ma'auni mai sauƙin aiki. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana gargaɗi cewa wannan adadi ba ya auna girman sakamako ko muhimmancinsa. Idan masu harshen sun yi tuntuɓe a kan kalmarsu, babu dalilin da zai sa mu ɗauko tuntuɓen mu dasa a Hausa. Mun fi son "bambancin da ya wuce na dace", ko da yake muna sane da cewa "dace" tana ɗauke da ma'anar sa'a da ta cancanta, don haka sai an gwada ta a aji, musamman ga ɗaliban Kwali waɗanda Hausa harshensu na biyu ce, kafin a shigar da ita cikin jagoran malami.