Illar Hukunci a Shari'o'in Kotun Ƙolin Amurka kan Aure da Saduwa: Tsokaci

Masu rubuta tarihin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka kan aure da saduwa sukan jera su tamkar matakalar bene, kowane hukunci ya ɗora a kan na bayansa. Wannan jeri yana ɓoye tambayar da masanin usulu zai fara yi: wace illa aka rataya hukuncin a kanta?

A shari'ar Griswold ta 1965, kotun ta soke dokar jihar Connecticut da ta hana ma'aurata maganin hana ɗaukar ciki, bisa haƙƙin sirri, alhali kalmar ba ta cikin nassin tsarin mulkin. Istinbaɗi ne aka yi. Shari'ar Loving ta 1967, wadda ta soke haramcin aure tsakanin baƙi da farare, ta dogara musamman da nassin daidaito da ke cikin gyara na 14, na shekarar 1868, kuma alƙalai tara duka suka yi ittifaƙi a kanta.

Makomar illolin biyu ta bambanta. Hukuncin Loving yana nan daram, amma abin da aka gina a kan fassarar 'yanci ya yi ta juyawa da sauyin alƙalai. A 1986, shari'ar Bowers ta tabbatar da dokar Georgia mai hukunta luwaɗi, da rinjayen biyar a kan huɗu. A 2003 shari'ar Lawrence ta rushe ta. Haƙƙin zubar da ciki da Roe ta kafa a 1973, Dobbs ta warware shi a 2022.

A nan raunin hukuncin Obergefell na 2015, wanda ya halatta auren jinsi, yake bayyana. Mai shari'a Kennedy ya cuɗa 'yanci da daidaito bai tantance wanne ne ginshiƙi ba, kuma ƙuri'a ɗaya ce ta raba gardama. Shi ya sa mai shari'a Thomas, a shari'ar Dobbs, ya nemi a sake duba Griswold da Lawrence da Obergefell, bai ambaci Loving ba. Majalisar dokoki ma ta hango haka, ta kafa dokar kare waɗannan aurarraki a Disamban 2022.

Saboda haka, mai goyon baya da mai adawa duka suna kuskure idan suka ɗauki waɗannan hukunce-hukunce a matsayin magana yankakkiya. Ijtihadi ne na mutum tara, kuma a tsarin wannan kotu ijtihadin baya yana iya goge na farko.