Riga Ɗaya, Kafaɗu Dabam-Dabam: Tarken Taurarin Wasan Les Misérables

A shekarar da muka yi darasin tarken wasan kwaikwayo a jami'a, malaminmu ya ba mu faifan bidiyo biyu na wasa ɗaya, ya ce mu kalla mu dawo masa da hukunci. Wasan shi ne Les Misérables, wasan kwaikwayo na waƙa da aka daɗe ana nunawa a birnin Landan. Faifan farko an ɗauke shi ne a zauren Royal Albert Hall a 1995, na biyu kuma a dandalin O2 a 2010. Ni na fara da na 1995, abokiyar karatuna ta fara da na 2010. Da muka haɗu, kowannenmu ya kafe a kan cewa tauraron da ya fara gani shi ne Jean Valjean na ainihi, ɗayan kuwa ɗan aro ne. Mun shafe mako guda muna ja-in-ja kafin na lura cewa babu ɗayanmu da ya kawo hujja daga cikin wasan. Kowa sabon kunnensa yake karewa. Wannan maƙala ƙoƙari ce ta raba sabo da hukunci, ta hanyar auna mutum biyun da muka yi jayayya a kansu, wato Colm Wilkinson da Alfie Boe.

Asalin wasan da dalilin sauyi

Victor Hugo ya wallafa littafin da wasan ya samo asali daga gare shi a 1862. Alain Boublil da Claude-Michel Schönberg suka mayar da shi wasan waƙa da Faransanci, aka fara nuna shi a birnin Faris a 1980. Daga baya Cameron Mackintosh ya ɗauki nauyin kawo shi Ingila, Herbert Kretzmer, haifaffen Afirka ta Kudu, ya rubuta baitocinsa na Ingilishi, Trevor Nunn da John Caird suka ba da umarni. An buɗe shi a gidan wasa na Barbican ranar 8 ga Oktoba, 1985. Masu sharhi da yawa a jaridu sun kushe shi, 'yan kallo kuwa suka yi kunnen uwar shegu da su. A watan Disamba na shekarar ya koma gidan wasa na Palace, a 2004 ya koma Queen's, wanda aka sauya wa suna zuwa Sondheim a 2019.

Wasan da ake nunawa sau takwas a mako, shekara bayan shekara, ya fi ƙarfin maƙogwaron mutum ɗaya. Saboda haka sauya 'yan wasa sharaɗi ne na rayuwarsa. A fim, fuskar tauraro tana daskarewa tare da rawar da ya taka har abada. A dandamali kuwa rigar tana rataye, masu sa ta ne ke zuwa suna wucewa. Sabon shiga yana tarar da kusan komai a yanke: sutura, wurin tsayawa, haske, kiɗa, har da inda zai durƙusa. Abin da ya rage masa kaɗan ne, wato launin murya, wurin jan numfashi, da kalmar da zai danne ko ya sassauta. A wannan ɗan ƙaramin fili ne ake gane wane ne wane.

Nauyin rawar kuma ba ƙarami ba ne. Valjean ya yi shekara 19 a kurkuku, asalin laifinsa satar burodi don ɗan 'yar'uwarsa, ana kiransa da lamba 24601 maimakon suna. Wasan ya ɗauko shi daga sakinsa a 1815, ya bi shi yana magajin gari da sunan ɓoye a 1823, ya kai shi boren ɗalibai na Faris a 1832, sannan ya kwantar da shi tsoho. Mutum ɗaya ne zai zama fursuna, attajiri, uba da mai jiran mutuwa cikin kimanin awa uku, kuma kusan kowace kalma rera ta ake yi.

Muryoyin biyu

An haifi Wilkinson a Dablin ta ƙasar Ailan a 1944. Ya taso cikin ƙananan ƙungiyoyin kiɗa, ya fito a matsayin Yahuza a wasan Jesus Christ Superstar, ya kuma wakilci ƙasarsa a gasar Eurovision ta 1978. Shi ne Valjean na farko a Landan a 1985, kuma shi ya buɗe wasan a Broadway ta Amurka a 1987. Muryarsa akwai yashi a cikinta. Yana tauna baƙaƙe, yana jan wasula da karin harshen garinsu, har masu ƙaunarsa ma kan kwaikwayi lafazinsa don raha.

Boe kuwa an haife shi a 1973, ya girma a Fleetwood ta arewacin Ingila. Ya yi aiki a masana'antar motoci kafin ya shiga kwalejin kiɗa ta Royal College of Music, inda ya sami horon opera. Muryarsa tatacciya ce, babu tsakuwa, kuma tana da ƙarfin da ke cika fili ba tare da an ga yana wahala ba. Na zaɓi wurare uku a wasan don gwada su, domin a nan ne rawar take juyawa.

Gwaji na farko: daren azurfa

Bayan an saki Valjean, kowa ya rufe masa ƙofa sai wani babban limamin coci na garin Digne, wanda ya ciyar da shi ya ba shi makwanci. Da dare ya kwashe kayan azurfar gidan ya gudu. Da 'yan sanda suka dawo da shi, limamin ya ce kyauta ya yi masa, har ya ƙara masa da alkukai biyu na azurfa. Sai aka bar Valjean shi kaɗai yana tuhumar kansa.

A bakin Wilkinson, kalmomin wannan fitowa suna fita ne kamar ana fizge su. Fushinsa na dabbar da aka daɗe da ɗaurewa ne, kuma idan kunya ta shigo, ana jin tana kokawa da fushin kafin ta yi rinjaye. Boe yana da fushi mai girma, amma tsaftatacce. Idan na rufe ido ina sauraronsa, mutumin kirki nake ji wanda aka zalunta. Idan na saurari Wilkinson, mutum nake ji wanda kurkuku ya lalata da gaske. Na biyun ya fi dacewa da ginin labarin. Hugo ya nuna cewa zaman sarƙa ya busar da zuciyar Valjean, har ma a littafin ya ƙwace kuɗin wani yaro bayan alherin limamin. In mutumin da ma nagari ne, alherin bai sauya komai ba, jigon tuba kuma ya rasa tushe. A nan Wilkinson ya yi zarra.

Gwaji na biyu: gaban alƙali

Shekaru sun shuɗe, Valjean ya zama mai masana'anta kuma magajin gari. Sai ya ji an kama wani bawan Allah bisa zaton shi ne, za a mayar da shi kurkuku a madadinsa. In ya yi shiru ya tsira, ma'aikatansa ma sun tsira. In ya yi magana ya rasa komai. Waƙar ta ƙare da shi yana faɗin tsohuwar lambarsa a gaban kotu, da murya a can ƙololuwa.

A nan dole na sallama wa abokiyata. Mutumin da ke magana yanzu mai mulki ne, wanda ya saba a saurare shi, kuma tsabtar muryar Boe ita ce ta dace da rigar magajin gari. Yana hawa matakan shawarar ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafi, idan ya kai lambar kuma sautin yana tsayawa ƙyam kamar ginshiƙi, ba ya rawa. Mai kallo ya san an gama yanke shawara, babu ja da baya. Wilkinson yana kaiwa wurin da kururuwa mai ratsa jiki, sai dai fursunan ya riga ya leƙo tun daga baitin farko, don haka tonon asirin bai zo da girgizar da ya kamata ba. Yashin da ya taimake shi a daren azurfa shi ne ya rage masa a nan.

Gwaji na uku: addu'a a bakin shinge

Waƙar da aka fi auna kowane Valjean da ita ita ce Bring Him Home. Babu ita a wasan Faris na 1980. An tsara ta ne don wasan Landan, kuma da muryar Wilkinson a zuciyar mai kiɗan. Dare ne a bayan shingen 'yan bore, samari suna barci, Valjean yana roƙon Ubangiji ya tsare ran Marius, saurayin da ke son Cosette, yarinyar da ya raina. Waƙar tana farawa a hankali da tsalle daga ƙasa zuwa sama, ta ƙare da siririn sauti mai tsawo wanda dole a riƙe shi ba tare da ƙaraji ba.

Akwai abin da baitocin ba su faɗa ba, wanda mai karatun Hugo ya sani. A littafin, Valjean ya tsani Marius da ya gano soyayyar, domin yaron zai raba shi da abu ɗaya tak da ya mallaka a duniya. Ya tafi shingen ne zuciyarsa a rabe. Wasan ya share wannan kishi daga kalmomi, saboda haka in zai fito, sai dai ta murya. Wilkinson yana komawa siririyar muryar saman kai, wadda ake jin kamar zare ne da ke gab da tsinkewa. A cikin wannan rauni nake jin tsadar addu'ar: tsoho yana roƙon abin da zai bar shi cikin kaɗaici. Boe yana rera ta a tausashe, amma ƙarfinsa na nan a ajiye a ƙarƙashi, kamar doki da aka ja wa linzami. Kyawunta ba ya misaltuwa, tafin da ya biyo baya a O2 ma sai da ya tsayar da wasan na ɗan lokaci. Duk da haka, da ya gama, muryar na yaba. Da Wilkinson ya gama, Valjean na tausaya wa.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi cewa wannan gwaji da ma ya karkata. Tela ya auna kafaɗar mutum ɗaya ya ɗinka riga, sannan aka ce sauran su sa a ga wanda ta fi yi wa kyau. Boe bai yi ƙoƙarin ƙanƙance kafaɗarsa don ya yi kama da mai rigar ba, kuma wannan abin yabo ne.

Iyakar shaidar faifai

Faifan biyu bukukuwa ne na cika shekara 10 da shekara 25, inda 'yan wasa ke tsaye gaban makirufo cikin sutura, babu dandamali mai juyawa, babu ɗaukar Marius a kafaɗa ta magudanar ƙarƙashin birni. Wilkinson yana da shekara 51 a lokacin, ya daɗe da sanin rawar ciki da waje. Boe yana da 37, kuma sai a 2011 ya fara taka ta dare bayan dare a gidan wasa na Queen's. An gwada mai gida ne da baƙon da ya sauka jiya.

Haka kuma tauraro ba ya haske shi kaɗai. Javert ɗin da ke farautar Wilkinson shi ne Philip Quast, na Boe kuma Norm Lewis, kuma kowane mafarauci yana sauya kamannin abin farautarsa. Lea Salonga ta fito a faifan biyu, budurwa Éponine a 1995, uwa Fantine a 2010, wato wasan da kansa yana tsufa tare da mutanensa. Bayan waɗannan akwai dubban darare da babu kyamara. John Owen-Jones ya karɓi rawar a Landan a 1998 yana da shekara 26. Kyle Jean-Baptiste, ɗan ko-ta-kwana a Broadway, ya taka ta a 2015 yana da shekara 21, baƙar fata na farko da ya yi haka a can, kuma ya rasu a hatsari cikin watan Agusta na shekarar. Waɗanda suka gan shi a waɗancan 'yan darare suna da nasu Valjean, wanda babu faifan biki da zai ƙwace musu.

Hukunci

Na koma wa malaminmu da hukuncin da na fara da shi, amma da dalilan da ban da su a da. Wilkinson ya fi a wurare biyu cikin uku, domin Les Misérables labari ne na mutumin da nagarta ke yi wa wuya, kuma muryarsa ba ta ɓoye wuyar. Boe ya fi shi a inda rawar ke bukatar kwarjini, ya kuma nuna mini wani Valjean da ban san yana cikin baitocin ba. Abin da na janye shi ne kalmar ɗan aro. Mai tarken da ya mayar da tauraron farko ma'auni yana neman magada su kwaikwayi mai kwaikwayo, alhali aikinsu shi ne su koma ga mutumin da ke cikin labarin. Wasan da ya bi wannan shawara zai zama gidan tarihi tun 'yan kallonsa ba su watse ba.

Masu wasan sun fahimci haka kafin mu. A ƙarshen bikin 1995, Valjean 17 daga ƙasashe dabam-dabam suka hau dandamali, kowa yana rerawa da harshensa. A ƙarshen na 2010, Wilkinson, Boe, Owen-Jones da Simon Bowman suka raba addu'ar bakin shinge a tsakaninsu. A fim ɗin 2012 kuma, wanda Tom Hooper ya ba da umarni, Hugh Jackman ne Valjean, limamin da ya miƙa masa alkukan azurfa kuwa Colm Wilkinson ne, da furfurarsa.

Abokiyata ta karanta wannan maƙala kafin in miƙa ta. Ta yarda da gwaji na farko da na biyu. A kan na uku ta ce har yanzu kunnena ne ke magana, ta kuma nemi in sake kallon faifan, amma a wannan karon in fara da na 2010.