Masu Jinyar Ƙarshen Rayuwa

Jinyar ƙarshen rayuwa kulawa ce ta musamman ga mara lafiyar da cutarsa ta fi ƙarfin magani, kamar sankarar da ta bazu a jiki. Cicely Saunders ce ta aza harsashinta na zamani, lokacin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. A Yuganda kuwa, Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, ta yaɗa amfani da ruwan mofin, maganin raɗaɗi mai araha.

Ma'aikatan wannan fanni sun cancanci jinjina. Su ke kwantar da raɗaɗi, su tsayar da amai, su wanke gyambo, su riƙa juya wanda ke kwance don kada bayansa ya sale. Wani lokaci, idan ciwo ya lafa kuma aka dakatar da magunguna masu galabaitarwa, sai a ga mahaifi ko mahaifiya sun soma cin abinci, sun tashi zaune, suna hira da 'ya'yansu. Wani sauƙin na kwanaki ne, wani yakan kai watanni.

A nan gwanintar ma'aikatan take bayyana. Sukan taya iyali murna ba tare da alkawarin warkewa ba, su ba su shawarar ribatar lokacin: a kira na nesa, a yi wasiyya, a yafi juna.