Motar da Ba Ta Sauka: Nazari a Kan The Dukes of Hazzard da Ilimin Masoyansa

Tsakanin 26 ga Janairu 1979 da 8 ga Fabrairu 1985, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna kashi 147 na wani shirin barkwanci da tseren mota mai suna The Dukes of Hazzard. An fi shekara arba'in da soma shi, amma har yau masoyansa na zama su yi wa juna kacici-kacici a kansa. Wace shekara aka ƙera motar jaruman? Wace lamba ce a jikin ƙofarta? A wane kashi ne guda ɗaya tak motar ba ta fito ba? Amsoshin su ne 1969, da 01, da kashi na uku mai suna "Mary Kaye's Baby". Mai nazarin adabi na iya yi wa irin wannan sani kallon raini, ya kira shi tsince-tsincen marasa aikin yi. Ni ina ɗaukarsa a matsayin wani salon karatu mai ƙa'idojinsa, wanda ya gano wani abu na gaskiya game da shirin, sa'an nan ya ja birki daidai inda ya kamata ya ƙara mai.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Gy Waldron ne ya ƙirƙiro shi daga fim ɗinsa na 1975 mai suna Moonrunners. Bo da Luke Duke 'yan uwa ne da ke zaune a gonar baffansu Jesse tare da 'yar uwarsu Daisy, a wata ƙagaggiyar gunduma mai suna Hazzard cikin jihar Jojiya. An taɓa kama samarin da safarar barasar da ake dafawa a ɓoye, aka yi musu ɗaurin talala, aka hana su riƙe bindiga, shi ya sa suke amfani da kwari da baka, wani lokaci da nakiya ɗaure a bakin kibiya. Abokin adawarsu shi ne Boss Hogg, mai gundumar kuma mai bankinta, gajere mai tumbi cikin fararen kaya, wanda ke yawo a farar Cadillac mai ƙahon sa a goshi. Ɗan korensa shi ne Rosco, shugaban 'yan sandan yankin. Kowane mako Hogg ya ƙulla makirci, kowane mako samarin su warware shi, kuma tsakanin ƙullin da warwarar dole a yi tsere.

Wanda ya tashi da tatsuniya ba zai sha wuyar gane wannan gini ba. Hogg Kura ne, kwaɗayinsa ke kai shi ya baro. Samarin kuwa Gizo ne da aka wanke shi daga mugunta aka bar masa wayo. Ba wanda ke koyon darasi, domin in Kura ta yi hankali tatsuniyar gobe ta mutu. Har mai ba da labarin ma akwai shi, wato mawaƙi Waylon Jennings, wanda ba a ganin fuskarsa, sai muryarsa kawai ke shigowa tana zolaya. Babbar dabararsa ita ce tsayar da hoto cak lokacin da motar take sararin sama, ya jefa wata magana ta raha, a tafi talla. Masu sukar shirin a zamaninsa sun yi ta kukan maimaici, amma a ganina kukan bai faɗa a kan gaɓa ba. Maimaici a nan alkawari ne tsakanin mai labari da mai sauraro, kuma jama'a sun karɓa, tunda a kakar 1980 zuwa 1981 shirin Dallas kaɗai ya fi shi masu kallo a duk Amurka.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wannan tsayuwar ta sararin sama. Motar, wadda aka raɗa wa suna General Lee, ƙirar Dodge Charger ce mai launin ruwan goro. A cikin labarin an yi wa ƙofofinta walda kamar motar gasa, don haka ta taga ake shiga a fita. Tana tsallake rafi, da ramin hanya, da motocin 'yan sanda, ta dira ta ci gaba da gudu ko ƙwarzane babu. Ga mai kallo mota ɗaya ce tun kashin farko har na ƙarshe, tana da suna, tana da murya, kusan a ce tana da hali.

A bayan kyamara kuwa labarin daban ne. Mota mai nauyin inji a gaba, in ta tashi sama, da hanci take komowa ƙasa. Saboda haka sai a cika but ɗinta da buhunan yashi ko kankare don ta daidaita a iska. Duk da haka, babban tsalle ɗaya kan lanƙwasa ƙashin motar, a janye ta gefe a kawo wata. Lissafin masoya ya bambanta, amma yana zagaye ne a kan kimanin mota ɗari uku cikin shekara shida, wato kusan biyu a kowane kashi. Tsallen farko an yi shi ranar 11 ga Nuwamba 1978 a harabar Kwalejin Oxford da ke Jojiya, inda direban kasada Craig Baxley ya ɗaga motar ƙafa 16 a sama, ya ci tazarar ƙafa 82. Wannan tsallen ne ake nunawa a buɗewar shirin kowane mako, alhali motar da ta yi shi ta gama aikin tsalle tun ranar.

To yaya aka yi mota ɗari uku suka zama ɗaya? Aikin mai yanka hoto ne. Ana nuna tashi, a nuna shawagi, a nuna daidai lokacin da taya ta taɓa ƙasa, sai a yanke, a koma kan fuskar samarin suna ihun murna cikin wata motar lafiyayya. Daƙiƙar da ƙarfe ke murɗewa ita ake cirewa. Ina ganin a wannan yankan ne nahawun shirin gaba ɗaya yake, domin haka ake yi wa komai a Hazzard. Motar 'yan sanda ta wuntsila cikin tafki, Rosco ya fito yana masifa ba rauni. Nakiya ta tashi, ba wanda ya mutu. An kusa ƙwace gona, ba a taɓa ƙwace ta ba. Duniya ce da aka cire mata sakamako, ana aikata abu amma ba a biyan kuɗinsa.

Nan ne masu kacici-kacici suka burge ni. Su ne suka ƙi yarda da yankan. Sukan tsayar da faifai su nuna inda gaban motar ya soma naɗewa kafin hoton ya sauya. Sun san cewa da Charger ta 1969 ta yi wuyar samu, an riƙa sayen ta 1968 ana sake mata fuska, kuma suna gane ta, domin ta 1968 fitilunta na baya zagayayyu ne, ragar gabanta kuma ba a raba ta biyu ba. Sun san kashi biyar na farko kaɗai aka ɗauka a Jojiya, sauran a Kalifoniya, har sukan nuna tsaunukan da ba su da dangantaka da Kudancin Amurka. Wannan karatun ƙwaƙƙwafi ne irin wanda ake koya mana a aji, wato kada ka yarda da abin da matani ya ce game da kansa, duba ɗinkin da ke bayan rigar. Mai tsince-tsincen ya mayar wa shirin asarar da ya ɓoye, ya ƙirga gawarwakin motocin ɗaya bayan ɗaya.

Tarihin shirin ma ya gwada abu biyu da suka dafa wa wannan fahimta. A 1982 John Schneider da Tom Wopat, masu fitowa a Bo da Luke, suka yi yaji saboda rigima kan kasonsu na cinikin kayan wasan yara da sauran hajojin shirin. Kamfanin Warner Bros. ya kawo wasu samari biyu, Coy da Vance, kamar dai yana cewa ai motar ce tauraruwa, kowa ya zauna a ciki daidai ne. Masu kallo suka ragu, aka dawo da na asali a 1983. Daga baya, don rage kashe kuɗi, aka koma ɗaukar wasu tsalle-tsallen da 'yan ƙananan motocin kwaikwayo, kuma har yau masoya na ambaton wannan a matsayin lokacin da armashi ya tafi. Ashe ko da ba a nuna musu ɓarnar ba, suna son su san an yi ta da gaske.

Sai dai idon da ya ga fitilar baya, ya ga ragar gaba, yakan yi rauni in ya iso rufin motar. A kan rufin an zana tutar yaƙi ta rundunar jihohin Kudu da suka ɓalle daga Amurka a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, yaƙin da tushensa shi ne ci gaba da bautar da baƙaƙen fata kusan miliyan huɗu. Sunan motar na Janar Robert E. Lee ne, babban kwamandan wannan ɓangare. Hon ɗinta na busa farkon waƙar "Dixie", wadda ta fito daga wasannin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata, kafin ta zama taken 'yan awaren. Cikakken sunan Boss Hogg kuwa Jefferson Davis Hogg ne, sunan shugaban ƙasar 'yan awaren ke nan. Duk waɗannan suna cikin kacici-kacici, amma a matsayin amsa mai kalma biyu, a ci maki a wuce. Mutumin da zai yi rabin sa'a yana bayanin bambancin 1968 da 1969 ba ya yin minti ɗaya a kan 1861.

Hujjata ita ce, yankan da aka yi wa tsalle shi aka yi wa tuta. An nuna ta tana shawagi, kyakkyawa, alamar tawaye ga azzalumin mai mulki, aka yanke kafin ta sauka a kan waɗanda ta saba sauka a kansu. Kuma ba tsohon tarihi ne da ya yi sanyi ba a lokacin. Jihar Jojiya ta saka wannan alama a tutarta a 1956, shekara biyu bayan Kotun Ƙoli ta haramta wariyar launi a makarantun gwamnati, kuma tana nan a duk tsawon shekarun da ake nuna shirin. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar baƙaƙe ne a wancan zamani, amma a titunan Hazzard sai jefi-jefi ake ganinsu. Abin lura kuma, jarumar mota da mugun labari duk daga tarihin 'yan aware aka samo musu suna, wato babu wata taga da mai kallo zai leƙa waje daga wannan tarihin.

Adalci ya wajabta a saurari masu kare shirin, kuma suna da abin faɗa. Babu wani kashi da ke koyar da ƙin baƙar fata. Dangin Duke masu karamci ne ga baƙo ko wane iri ne. Jami'in tsaron da ya fi kowa ƙwarewa da tsare gida a shirin, Little na maƙwabciyar gundumar Chickasaw, baƙar fata ne, Don Pedro Colley ya fito a matsayinsa. Ben Jones, wanda ya fito a Cooter bakanike, daga baya ya wakilci Jojiya a majalisar wakilan Amurka daga 1989 zuwa 1993, ya daɗe yana cewa tutar a shirin alama ce ta 'yancin kai da son gida. Na yarda cewa haka yaran da suka kalle shi ranar Juma'a da dare suka ɗauke ta. Amma wannan shi ne ainihin ƙarfin abin. Shiri mai ƙiyayya a fili da an gane shi an kauce. Shiri mai fara'a, mai dattijo kamar Jesse da ke sa a yi addu'a kafin cin abinci, shi ne ya iya ɗaukar tutar ya liƙa ta a akwatin abincin 'yan makaranta har a jihohin Arewa, wankakkiya tas, ba tare da kowa ya tambayi inda ta kwana ba.

Fim ɗin da aka yi na shirin a 2005 ya nuna cewa masu shi sun san da matsalar, domin akwai wurin da samarin suka maƙale a cunkoson Atlanta, wasu na yi musu jinjina wasu na zagi saboda rufin motar. An mai da abin wasa aka wuce. Shekara goma bayan haka wasan ya ƙi yiwuwa. Ranar 17 ga Yuni 2015 wani matashi farar fata ya harbe baƙaƙe tara a cocin Emanuel da ke Charleston, aka kuma ga hotunansa riƙe da wannan tuta. Cikin makonni kaɗan Warner Bros. ya daina ba da izinin ƙera motocin wasa masu tutar, tashar TV Land ta janye maimaicin shirin, jihar Karolina ta Kudu ta sauke tutar daga harabar majalisarta ranar 10 ga Yuli.

Masoya da yawa sun ji an zalunce su, kuma ina fahimtar ɓacin ransu, domin shirin bai harbi kowa ba, kuma janye shi bai dawo da ko mutum ɗaya ba. Amma abin da ya same shi bai fito daga waje ba, yana kan rufinsa tun ranar farko. Ita kanta motar da ta yi tsallen Kwalejin Oxford, wadda masoya ke kira LEE 1, an tsinto ta a wata bolar tsofaffin motoci a Jojiya, aka gyara ta, ɗan wasan golf Bubba Watson ya saye ta a gwanjo a 2012 kan dala 110,000. A watan Yulin 2015 ya ba da sanarwar zai shafe tutar da ke rufinta. Wannan ma yanzu ya shiga jerin tambayoyin kacici-kacici: wa ya sayi motar farko, kuma nawa ya biya?