Ilmin Boko a Ƙauyukan Kano: Gyara ga Wani Ra'ayi

Yawancin masu rubuta tarihin ilmin boko a ƙasar Kano sukan fara ne daga makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa a 1909, sa'an nan su bi ta Kwalejin Katsina da Midil ta Kano. Littafin Sonia Graham na 1966 a kan aikin Ɗan Hausa shi ne ginshiƙin wannan hanya, kuma ya cancanci yabo wajen tsare bayani. Sai dai majiyarsa takardun hukuma ce da na mishan, saboda haka muryar talaka ba ta fito ba.

Wannan ya haifar da zaton cewa ƙauyukan da ba a gina wa elementare ba, boko bai shafe su ba. Idan aka dubi yankin Gwarzo da Kabo, inda Unguwar Tudu take, za a ga akasin haka. Boko ya riga aji isa ƙauye, a hannun malamin haraji da magatakardan hakimi. Manomi ya fara ganinsa ne a kan rasiɗin haraji da jangali, takardar da malamin allo, duk zurfinsa a ajami, ba ya iya karanta masa. Nan martabar ilmi ta rabu biyu: ɗaya na lahira, ɗaya na albashi da iko.

Duk mai son fahimtar ɗari-ɗarin da iyaye suka yi da shirin UPE a 1976, to daga wannan rasiɗi ya kamata ya fara bincike.